Daga Ƙirga Maƙaloli Zuwa Neman Madogara: Nazarin Wani Haɗin Gwiwa na Horar da Matasa Rubutun Wikipedia a Birnin Katsina

Wannan nazari ya shafi wani haɗin gwiwa da aka ƙulla a birnin Katsina tsakanin ɓangarori uku, wato ƙungiyar ɗalibai ta wata babbar makaranta, da ɗakin karatun makarantar, da wasu 'yan sa-kai da suka daɗe suna rubutu a Wikipedia ta Hausa, da nufin koya wa matasa yadda ake rubuta maƙala a wannan insakulofidiya da kowa ke iya karantawa, ya kuma gyara, ba tare da biyan ko kwabo ba. Ina cikin waɗanda suka tsara aikin tun daga farko. Ni ne na riƙe rajistar mahalarta, kuma da hannuna aka rubuta takardar neman tallafi da rahoton da ya biyo bayanta, saboda haka yawancin kurakuran da zan ambata namu ne mu masu tsarawa. Na sakaya sunan makarantar da sunayen mutanen da abin ya shafa.

Yadda aka ƙulla haɗin gwiwar

Wikipedia ta fara aiki ranar 15 ga Janairu, 2001, kuma a yau tana da sassa a harsuna sama da 300, kowane sashe da marubutansa da masu kula da shi. Mutane da yawa a nan suna zaton sashen Hausa fassarar na Ingilishi ne kawai, alhali kuwa sashe ne mai cin gashin kansa: abin da masu jin Hausa suka zauna suka sa shi ake samu a ciki, abin da ba su sa ba kuma babu shi. Gidauniyar Wikimedia, wadda aka kafa a 2003 a Amurka, ita ke riƙe da na'urorin da shafin ke kansu, amma ba ita ke rubuta maƙaloli ba. Daga cikin ayyukanta akwai ba ƙungiyoyin 'yan sa-kai tallafin kuɗi domin bita da taruka, kuma ƙaramin tallafin da take bayarwa yana kamawa daga dala 500 zuwa dala 5,000. A Najeriya akwai ƙungiya ta ƙasa baki ɗaya, akwai kuma ƙungiyoyin masu rubutu da Hausa da Yarbanci da harshen Ibo, kuma a 2019 Abuja ta karɓi baƙuncin WikiIndaba, babban taron marubutan Wikipedia na nahiyar Afirka.

Abin da ya tunzura mu shi ne tazarar da ke tsakanin nauyin tarihin Katsina da ɗan abin da muka tarar an rubuta a kansa da Hausa a intanet a lokacin. Garin da ya yi Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, garin da masanin lissafi Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, yake ɗauke da sunansa, garin da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922 inda Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, sai ga shi yaro ɗan sakandare ya buɗe waya yana neman bayani kan ɗaya daga ƙofofin ganuwar garinsu da harshen uwarsa, abin da yake samu bai wuce layi uku ko huɗu ba, su ma babu madogara, wato littafi ko wani rubutu da aka wallafa wanda ke tabbatar da maganar.

Rabon aikin da muka yi a kan takarda mai sauƙi ne. Ƙungiyar ɗalibai za ta kawo matasa, 'yan sa-kai za su koyar su kuma nemo tallafi, ɗakin karatu kuwa zai ba mu wuri mai tebura da kujeru da wutar sola. Iyakar abin da muka ɗauki ɗakin karatun ke nan: mai ba da ɗaki. A zaman farko da muka yi da jami'in da ke kula da sashen littattafan tarihi, wani dattijo da ɗalibai da ma'aikata duka ke kira Baba, ya saurare mu har muka gama, sannan ya yi tambaya guda: waɗanne littattafai yaran za su karanta kafin su fara rubutu? Muka amsa masa da cewa yanzu komai yana intanet. Bai yi musu ba, ya miƙa mana mabuɗin ɗakin ya yi mana fatan alheri.

Zango na farko

A takardar neman tallafi mun yi alƙawarin adadin maƙalolin da za a samar da adadin sababbin marubuta, domin su ne abubuwan da ake iya ƙirgawa, kuma mun ɗauka su ne za su burge masu duba takardar. Daga wannan alƙawari ne sauran tsarin ya fito. Muka shirya bita ta kwana biyu, muka biyo ta da gasa ta wata guda, muka ce wanda ya fi kowa yawan maƙaloli shi zai ɗauki babbar kyauta, kuma kowane mahalarci zai samu kuɗin data da na mota.

Matsalolin ranar farko na na'ura ne, kuma 'yan sa-kan sun saba da su. Shafin ba ya barin a buɗe sabon asusu fiye da 6 a rana daga adireshin intanet guda, don haka da ɗalibai suka taru kan layin ɗakin karatu, na bakwai ya maƙale, sai da aka koma buɗewa da datar wayoyinsu. Wasu kuma suka tarar an toshe adireshin da kamfanin wayarsu ya ba su saboda ɓarnar da wani can daban ya yi da shi, domin kamfanonin waya sukan haɗa dubban mutane kan adireshi ɗaya. Ga kuma haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda yawancin ɗaliban ba su taɓa sa allon rubutun da ke ɗauke da su a wayoyinsu ba. Duk waɗannan an shawo kansu kafin azahar ta rana ta biyu.

Gasar ta yi armashi, adadin da muka yi alƙawari ya cika har ya ɗan haura, aka raba kyaututtuka, aka ɗauki hotuna, na rubuta rahoto cikin farin ciki. Sai bayan makonni, da na zauna na soma karanta maƙalolin ɗaya bayan ɗaya, maimakon in ƙirga su, na gane abin da muka aikata. Mafi yawansu ba su da alaƙa da Katsina ko ƙasar Hausa. 'Yan ƙwallon ƙasashen Turai ne da ƙananan ƙauyukan da ba wanda ya taɓa jin sunansu a nan, kuma dalilin zaɓensu a fili yake: maƙalolinsu na Ingilishi gajeru ne, ana iya juya su cikin minti kaɗan. Wikipedia tana da manhajar fassara tun 2015, Google kuma ya sa Hausa cikin harsunan fassararsa tun 2013, kuma manhajar takan yi gargaɗi idan mutum ya bar fassarar na'ura yadda take bai gyara ba, amma mai gaggawar cin gasa yakan canza kalma biyu ko uku ya wuce. A wata maƙala, kalmar Ingilishi guda da ke nufin maɓuɓɓugar ruwa kuma take nufin wani yanayi na shekara ta rikita na'urar, sai aka wayi gari da ƙauyen da mutanensa ke ɗiban ruwan sha daga bazara. A wata kuma, mace ce ake ba da tarihinta, amma daga jimla ta biyu ta koma "ya yi", "ya tafi", "ya rasu". Tsofaffin marubutan da ke sintiri a shafin, waɗanda ba wanda ke biyansu, su suka kwashe makonni suna gyara abin da za a iya gyarawa.

Bayan ranar raba kyauta kuwa sai rajistata ta yi tsit. Waɗanda suka ci gaba da rubutu ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Ba na ganin laifin ɗaliban ko kaɗan. Mu muka gaya musu abin da ake ba maki a kansa, su kuma suka kawo shi. Haka nan ba na cikin masu yi wa matashi gori don ya zo bita saboda kuɗin data. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka, sannan a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin 100. Ɗalibin da ke lissafin abin da zai ci da dare ba zai iya sa-kai da aljihunsa ba, kuma duk haɗin gwiwar da ya ƙi ɗaukar wannan nauyi ya ware 'ya'yan talakawa tun kafin a fara. Kuɗin data haƙƙi ne. Kuskurenmu shi ne mun ɗaure shi da yawan maƙaloli, sannan muka tura yara rubuta insakulofidiya ba tare da mun sa musu littafi ko ɗaya a hannu ba.

Zango na biyu, da abin da ɗakin karatu ya kawo

Na koma wurin Baba ba tare da kuɗi ba, domin tallafin ya ƙare. Na gaya masa abin da na gani. Bai tuna mini tambayarsa ta farko ba, ko da yake ni na tuna da ita, na kuma tuna maganar Hausawa cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Ya ce zai shiga aikin da sharuɗɗa. Na farko, a tsaya kan batu ɗaya da ɗaliban za su iya zuwa su gani da idonsu, ya kuma ba da shawarar ganuwar Katsina da ƙofofinta, da Hasumiyar Gobarau, da tsohuwar Kwalejin Katsina wadda yanzu take gidan adana kayan tarihi na ƙasa. Na biyu, ba wanda zai taɓa waya ko kwamfuta sai an yi mako biyu ana karatu. Na uku, kowane ɗalibi ya zo da littafin rubutu, duk bayanin da ya ɗauko ya rubuta sunan marubuci da na littafi da shekarar bugawa da lambar shafi a gefensa.

Waɗanda suka amsa kira a wannan karo kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da cincirindon zangon farko, kuma mun yi karo-karo ne tsakaninmu muka riƙa biya musu kuɗin mota. Baba ya fito da littafin marigayi Dokta Yusufu Bala Usman kan tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda aka buga a Zariya a 1981, da labarin tafiye-tafiyen Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya shigo Katsina a 1851 yana amsa sunan Abdulkarim, da kundayen digiri da aka jibge a wata kusurwa ƙura ta rufe su. Ya nuna musu bambancin nauyin madogara: littafin da masana suka duba kafin a buga shi daban, kundin digiri na uku daban, aikin kammala digiri na farko kuma ba a cika dogara da shi ba sai dai a bi manazartarsa a nemo asalin maganar. Wata malamar tarihi da ta ga ɗalibanta suna kai-komo a sashen da ba su saba shiga ba ta tambayi dalili, daga nan ta zama ɓangare na huɗu na haɗin gwiwar, wanda ba mu taɓa tsarawa da shi ba.

A kan Gobarau ne ɗaliban suka fara fahimtar abin da ake nufi da rashin ɗaukar ɓangare, wanda yake cikin ginshiƙan Wikipedia. Kowa a Katsina ya taso da jin cewa hasumiyar ta samo asali ne daga zamanin Sarki Muhammadu Korau, amma da suka jera littattafan a tebur sai suka ga marubuta sun saɓa kan ƙarnin da aka gina ta. Gardama ta kaure a tsakaninsu kan wanda za a bi. Ɗaya daga 'yan sa-kan ya bayyana musu cewa marubucin insakulofidiya ba alƙali ba ne, aikinsa ya ce wane ya faɗi kaza a littafi kaza, wane kuma ya faɗi kaza, ya bar mai karatu da hujjojin. Malamar ta ƙara da cewa ko Barth, duk da cewa ya ga ganuwar da idonsa, baƙo ne da ya yi kwanaki ya wuce, saboda haka a rubuta "a cewar Barth", kada a mayar da ganinsa gaskiyar da ba ta da ja. Na lura cewa wannan darasi ya fi zama a kansu fiye da duk abin da muka faɗa a bitar kwana biyu, domin a kan abin da suka damu da shi aka koya musu.

Wata ɗaliba 'yar Daura ta nemi a bar ta ta yi aiki kan rijiyar Kusugu. Rubutunta na farko ya kawo labarin Bayajidda da macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a da aurensa da Daurama tamkar rahoton abin da ya faru jiya. Da aka ce ta gyara, ranta ya sosu, don ta ɗauka ana ƙaryata abin da aka raine ta a kansa. Sai da malamar ta zauna da ita ta nuna mata cewa ba a ce ta cire ko kalma ɗaya daga labarin ba, abin da ake so shi ne ta gabatar da shi da sunansa, wato tarihin baka na asalin Hausa Bakwai, ta kawo littattafan da suka rubuta shi, sannan ta kawo abin da masana tarihi suka ce a kansa. Maƙalar da ta fito daga ƙarshe ta fi ta farko tsawo, kuma labarin yana nan cikakke a cikinta.

Matsalar da ba mu iya warwarewa ba ita ce ta ilimin da ke bakin dattawa. Wani ɗalibi da gidansu ke kusa da ɗaya daga ƙofofin gari ya zauna da kakansa, tsohon da ya haura shekara tamanin, ya kwaso bayani mai yawa kan gidajen da ke gadon tsaron ƙofar da irin fataken da ke shigowa ta nan da yadda ake rufe ta da dare. Ya rubuta shi da kyau ya sa a maƙala, kwana biyu aka cire, domin ƙa'idar Wikipedia ba ta karɓar binciken da mutum ya yi da kansa wanda ba a taɓa wallafa shi a wani wuri ba. Ya zo ɗakin karatu ransa a ɓace, ya ce wa Baba: "Baba, yanzu Baturen da ya kwana goma a garin nan an yarda da maganarsa, kakana da aka haifa a bakin ƙofar ba a yarda da tasa ba?" Ba wanda ya samu amsar da za ta gamsar da shi a ranar, kuma ni har yanzu ina ganin yana da gaskiya a rabin maganarsa. Ƙa'idar tana da dalili, don idan aka buɗe ƙofar "an gaya mini", kowa zai shigo da abin da ya ga dama, musamman a batun sarauta da asali inda kowane gida ke da nasa zance. Amma nauyin ƙa'idar bai faɗo kan kowa daidai ba. Al'ummar da ta yi ƙarnoni tana buga littattafai ba ta jin sa, mu da yawancin iliminmu ke cikin ƙirazan tsofaffi da takardun ajami da ba a buga ba mu ke ɗauke da shi. Ba mu kaɗai ke wannan kuka ba, domin tun a 2011 an yi wani gwaji a Indiya da Afirka ta Kudu na amfani da hirar baka a matsayin madogara, amma har yau ƙa'idar gama-gari ba ta sauya ba.

Hanyar da muka bi doguwa ce. Ɗalibin ya koma wurin kakansa ya nemi izininsa, aka ɗauki muryarsa, malamar ta yi hira da wasu dattawa biyu na unguwar domin ta gwada maganganunsu, kuma tana shirya maƙalar ilimi da za ta miƙa wa mujallar sashensu. Idan an buga, sai a dawo a kafa hujja da ita a Wikipedia. Wannan aiki ne da 'yan sa-kai kaɗai ba za su iya ba, ƙungiyar ɗalibai ma ba za ta iya ba, sai da malamin jami'a ko na kwaleji a cikin tafiyar.

Batun karin harshe ya zo da sauƙi fiye da yadda na zata. Wasu ɗaliban sukan rubuta yadda suke magana, "shina" a madadin "yana", "hwara" a madadin "fara", "ɗiya" inda daidaitacciyar Hausa za ta ce "'ya". An daidaita kan cewa jikin maƙala zai bi daidaitacciyar Hausa, wadda jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta taimaka wajen kafa ta tun daga 1939, domin mai karatu a Zariya ko Damagaram ko Kumasi ya fahimta, amma sunayen wurare da sarautu da kayan sana'a za a bar su yadda Katsinawa ke faɗarsu, a kuma yi bayaninsu.

Sai maganar 'yan mata, wadda ta nuna mana wani kuskuren na zangon farko da ba mu ma lura da shi ba. A wancan lokaci mukan fara zama bayan la'asar mu kai magariba, kuma mun riƙa watsa hotunan mahalarta a Facebook ba tare da tambayar kowa ba. 'Yan matan da suka zo ranar farko yawancinsu ba su dawo ba, mu kuma muka ɗauka ba su da sha'awa ne. Malamar ce ta bi su ta ji dalili. Aka mayar da zama safiyar Asabar, ta rubuta wa iyaye takarda da sa hannunta tana bayyana abin da ake yi da wurin da ake yinsa da lokacin tashi, aka hana ɗaukar hoton kowa sai da yardarsa, aka kuma shawarci kowa, mace da namiji, kada ya yi amfani da cikakken sunansa na gaskiya a matsayin sunan asusu, tun da duk gyaran da mutum ya yi yana nan a tarihin shafi kowa na iya gani. Bayan wannan gyara, 'yan mata ne suka fi zuwa a kan kari.

Hotuna ma sun koyar da darasi. A zangon farko ɗalibai sun kwaso hotuna daga kafafen sada zumunta sun ɗora a Wikimedia Commons, ma'ajiyar hotuna da sauti da aka buɗe a 2004, duk kuma aka goge su saboda haƙƙin mallaka. A zango na biyu muka fita da sassafe da wayoyinmu, muka bi Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Sauri da Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi da Ƙofar Guga, da Ƙofar 'Yanɗaka wadda ake cewa ta nan Lugard ya shigo garin a 1903. Kafin a ɗauki hoto a cikin unguwa sai an gaida mai unguwa an faɗi abin da ya kawo mu. An kuma yi wa kowane ɗalibi bayani dalla-dalla cewa lasisin da zai sa wa hotonsa yana ba kowa a duniya damar amfani da shi, har da mai neman kuɗi da shi, muddin ya ambaci sunan mai hoton ya kuma bar shi a kan irin wannan lasisi, kuma ba a janye izinin bayan an bayar. Wasu sun yi jim da suka ji haka, ɗaya ya fasa ɗora nasa, ba wanda ya matsa masa.

Ɗabi'ar rubutu a takarda da Baba ya tilasta ta yi wani amfanin da shi kansa bai ambata ba. Da yawa daga ɗaliban 'yan ƙananan hukumomin da ke fama da matsalar tsaro ne, kuma ba su manta da 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 daga cikin 34 na jihar. Ko ba a katse ba, sabis a ƙauyuka da dama ba ya ɗaukar buɗe shafin gyara. Wanda ya saba tsara maƙalarsa da manazartarta a littafin rubutu yakan tafi hutu da aikinsa, ya dawo ya buga shi cikin zama ɗaya.

Inda aka kwana

Maƙalolin zango na biyu ba su kai kashi ɗaya cikin goma na zangon farko ba a yawa, amma babu wadda aka goge, kuma kowace jimla mai ɗauke da da'awa tana da littafi da lambar shafi a bayanta. Mafi yawan waɗanda suka yi wannan zango suna nan suna rubutu, wasunsu sun fara duba aikin sababbin shiga. Biyu daga cikinsu na dab da cika sharaɗin shiga ɗakin karatun intanet na Wikipedia, wanda ke buɗe wa marubuci mujallun ilimi masu tsada kyauta idan asusunsa ya kai wata 6 kuma ya yi gyara 500. Baba da kansa ya buɗe asusu, kuma a lokacin gangamin da ake yi duk shekara tun 2016, inda ake roƙon kowane ma'aikacin ɗakin karatu ya ƙara madogara guda a wata maƙala, ya zauna da tabaraunsa, wata ɗaliba na nuna masa inda zai danna, ya sa tasa a maƙalar Kwalejin Katsina.

A sabuwar takardar neman tallafi da muke rubutawa mun sauya abin da muka yi alƙawarin aunawa. Mun sa adadin waɗanda ke ci gaba da rubutu wata uku bayan bita, da adadin madogaran da aka ƙara, kuma mun ware kuɗin data na wata-wata ga duk mai zuwa zaman Asabar ba tare da la'akari da yawan abin da ya rubuta ba. Mun kuma sa kuɗin ɗaukar hoton tsofaffin kundaye da gyara bangon littattafan da suka yage, kuma sunan ɗakin karatun ya tashi daga layin masu ba da wuri ya koma layin masu gudanar da aikin.

Raunin da ya rage shi ne har yanzu komai na tsaye ne a kan mutane, ba a kan yarjejeniya ba. Baba na gab da yin ritaya, malamar na neman tafiya ƙarin karatu, shugabannin ƙungiyar ɗalibai kuma duk shekara sai sun sauya. Mun rubuta takardar fahimtar juna da za ta sa zaman Asabar ya zama aikin ɗakin karatun a hukumance, a kuma naɗa wani ƙaramin ma'aikaci da zai gaji Baba a kansa, kuma takardar na ofishin hukumar makarantar tana jiran sa hannu. Kafin nan, ɗaliban sun sayi babban littafi mai bango mai kauri sun ajiye a teburin sashen tarihi, inda suke rubuta kowane littafi da kundi da ke magana kan Katsina da Daura, da kantar da yake, da shafukan da suka amfane su. Maƙalar da ke gabansu a wannan zangon karatu ita ce ta kufan Durɓi Takusheyi da ke ƙaramar hukumar Mani, kuma zuwa Asabar da ta wuce sun samo madogara uku, suna neman ta huɗu kafin su fara bugawa.